Kafin Ka Sayo Sabuwar Kafireta Ga Tsohuwar A-Kori-Kurarka, Tsaya Ka Ji

Yau maganar ta masu a-kori-kura ce, musamman waɗanda motar ita ce gonarsu, ita ce shagonsu: mai kwasar buhuna daga Dawanau, mai kai bulo da yashi wajen gini, mai jigilar kaya ranar kasuwar ƙauye. In tsohuwar Hilux gare ka mai injin 22R ko 4Y, ko Peugeot 504 da muke ce wa Fijo, ko tsohuwar Datsun, to da kai nake, maigida.

Motar ta fara shan mai kamar raƙumi. Da safe sai an tura. In ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu a tsakiyar titi. Ka je gareji, kafin ma a buɗe bonet an riga an yanke hukunci: "Oga, kafireta ce, ta gama aiki, a sayo wata." Ka shiga kasuwa, mai shago ya fito maka da wata sabuwa dal tana ƙyalli, ya ce ai duk ɗaya ne, za ta hau. Wani matashi a gefe ya ce ka bar waɗannan ƙananan, ka sa babba, mota ta tashi sama.

Dukkansu ukun ina ja da su. Matsayina shi ne: motar da ake neman abinci da ita kullum, kafiretar da ta dace da ita ita ce wadda aka auna wa injinta, kuma galibi ita ce wadda ke kanta yanzu haka, wadda ake so ka cire ka jefar. Girma, ƙyalli da araha, babu ɗaya cikinsu da yake dalilin saye. Bari in kawo hujja.

MENE NE AIKINTA TUKUNA?

Kafireta ma'auni ce, kamar mudu a hannun ma'auna. Injin fetur yana son iska da mai a wani gwargwado, wajen kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. In mai ya yi yawa, ka ga baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, aljihu ya yi kuka. In mai ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi, ƙarfi ya ragu, a hankali bawul ya ƙone.

To yaya take aunawa, alhali ba kwamfuta a cikinta? A cikinta akwai wani maƙogwaro da ya tsuke a tsakiya. Iskar da fistin ke zuƙa in ta zo wannan matsatsin sai ta ƙara gudu, gudun nan kuma shi ke janyo fetur daga kofin mai ta cikin ƙananan ramukan da ake kira jet, ya watsa shi ya zama feshi. Ka riƙe wannan da kyau, don duk rigimar a kansa take: gudun iska ne ke jan mai. In iska ba ta gudu, mai ba ya fita daidai, kuma wanda ya fita ɗin ɗigo-ɗigo yake zuwa, ba ya gauraya.

Yanzu mu yi lissafi mai sauƙi. Injin mota yana cika silindojinsa duka sau ɗaya a kowane juyi biyu. Injin 22R, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1981, girmansa cc 2,366 ne, wato lita 2.4 in an cike. In yana juyi 2,500 a minti, iyakar iskar da zai iya zuƙa ba ta kai lita 3,000 a minti ba, shi ma sai ka danne totur har ƙasa. In ka kai shi juyi 4,800, iyakarsa wajen lita 5,700. A zahiri bai kai haka ba, don silinda ba ta cika maƙil. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: da buhu ashirin a baya, a hanyar da ta sha ramuka, sau nawa kake kai injin juyi 4,800? Rayuwar motarka duka tsakanin silo da juyi 3,000 take. A nan ake so kafireta ta yi ƙwari. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun san haka, shi ya sa suka zaɓi faɗin maƙogwaro da girman jet da suka dace da wannan injin takamaimai.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Ga inda nake ja da makanikan da ke saurin yanke hukunci. Ba duka ba, akwai tsofaffin hannu da suka san aikinsu, kuma su ma wannan ɗabi'ar tana ba su haushi. Alamomin da ake ɗora wa kafireta, da yawansu daga wani wuri suke fitowa. Kafin ka yarda ka fitar da ko sisi, ka sa a duba waɗannan a gabanka, ɗaya bayan ɗaya:

1. Matsin silinda. A sa ma'aunin matsi a kowace silinda. In bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100 sosai, ko duka sun yi ƙasa, to zobban fistin ne ko bawul. Injin da ya gaji, ko kafiretar zinariya ka ɗora masa ba zai daina shan mai ba.

2. Fulogi. A kwance su duka a jera. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Ruwan ƙasa mai haske, lafiya lau. In ɗaya ne kawai ya bambanta da sauran, da wuya laifin kafireta ne, don ita duka huɗun take shayarwa.

3. Wuta da taimin. In motar mai kwantak ce, a duba tazararsa, galibi wajen milimita 0.4 zuwa 0.45. A duba wayoyin fulogi da murfin distiribita. A saita taimin da fitilar taimin, a daina saitin kunne. Taimin da ya yi baya yana sa mota nauyi, zafi da shan mai, daidai irin abin da ake zargin kafireta da shi.

4. Satar iska. Inji na silo, a fesa ruwa kaɗan a gindin kafireta, da bakin manifol, da ƙananan tiyo. In sautin inji ya canza, nan iska ke shiga. Kar a manta da babban tiyon da ke tafiya wajen birki. Wasu suna gwadawa da fetur, kar ka yarda, gobara ce kake gayyata.

5. Matatar iska da matatar mai. A ƙurar hunturu, matatar iska takan toshe har ta shaƙe inji kamar an ja cok. Matatar mai da ta cika da tsatsar tanki kuma ita ke sa mota sarƙewa a kan tudu.

6. Famfon mai. A zaro sandar awon baƙin mai a shinshina. In yana warin fetur kuma ya ƙaru maimakon ya ragu, ana iya samun robar famfon ta yage tana zubar da fetur cikin inji.

Makaniken da ya ce a sayo sabuwa bai taɓa ko ɗaya daga cikin shidan nan ba, canka yake yi, kuma da kuɗinka yake cankar. In ya ci, ya sha yabo. In bai ci ba, gobe ya ce ai sabuwar ce jabu, ka koma kasuwa.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Mu ce an duba duka, kuma da gaske kafiretar ce. Har yanzu ba a zo wajen saye ba. Me ke lalacewa a cikinta? Ƙarfen jikinta ba ya ƙarewa haka kawai. Abin da ke mutuwa ƙananan abubuwa ne: allurar da ke rufe mai in kofi ya cika, fulot da ya huje ya nutse, robobi da suka bushe, gasket da ya tsage, ɗan famfon da ke tsarto mai in ka taka totur, sai kuma datti da ya toshe hanyoyi. Duk waɗannan suna cikin kit ɗin gyara, ko ana samunsu daban, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sabuwa ba. Wanda motarsa ta sha gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ya san yadda irin wannan man ke cin roba. Roba ya ci, jikin kafiretar na nan.

Masu 22R, ku saurara. Kafiretar Aisan da ke kan motarku tana da ɗan gilashi a gefe mai alama a tsakiya. Inji na aiki, ka leƙa: mai ya tsaya daidai alamar? In ya haura, fulot ne ko allura. Kuma da yawa daga cikinsu suna da wani ƙaramin famfo na taimako mai aiki da zuƙon iska lokacin da inji ke da sanyi. In robarsa ta yage, fetur yana bi ta siririn tiyo kai tsaye ya faɗa manifol. Ka zare tiyon, in ka ga fetur a ciki, ka kama ɓarawon. Roba guda ɗaya ke nan. Kafiretoci nawa aka jefar saboda ita?

Masu Fijo kuma, Solex ɗinku tana daga cikin mafi sauƙin gyara. An daɗe ana harhaɗa 504 a Kaduna, masana'antar ta fara aiki tun 1975 kuma motar ta ci gaba da fitowa har cikin shekarun 2000, don haka hannayen da suka san ta ba su ƙare ba.

Amma akwai sharaɗi wajen wanki. Jet ba a zira masa waya ko allura. Da ruwan wanke kafireta da iskar kwamfiresa ake buɗe shi. A Solex da Weber, lambar da ke jikin jet faɗin raminsa ce: 110 na nufin milimita 1.10. In aka sa waya aka buɗa shi ya koma 1.20, ido ba zai ga bambanci ba, amma filin ramin ya ƙaru da wajen kashi 19 cikin 100. Ka ga inda manka ke tafiya. Akwai kuma masu yin akasin haka, su cusa silin waya a jet wai don rage shan mai. Ka ji daɗi sati biyu, inji yana aiki da ƙishirwa, yana zafi, ƙarshe ka sauke kan inji ka canza bawul. Ribar ina?

Yaushe ake haƙura da tsohuwa? In jikinta ya tsage. In gindinta ya lanƙwashe har ba ya zama daidai. In mazaunin jet ko sukurori sun cinye. In ruwa ya kwana a cikinta ya zaizaye hanyoyin ciki. Sai kuma sandar totur: ka kama ta ka girgiza sama da ƙasa, in tana wasa sosai to iska na shiga ta nan, silo ba zai taɓa zama ba. Ita ma wannan, masu injin fiƙe ƙarfe suna iya sa mata bushin na tagulla ta dawo daidai. Sai an rasa wannan hanyar tukuna a yi maganar kasuwa.

"DUK ƊAYA NE, ZA TA HAU"

Wannan jimlar ta cinye kuɗin mutane da yawa. E, za ta hau. Ramukan noti huɗu sun yi daidai, tiyon mai ya shiga. Hawa daban, awo daban. Takalmi ma yana shiga ƙafa ya kuma fidda maka kanta.

Kafireta mara suna, wadda ke zuwa a farin kwali an jera mata sunayen injina biyar ko shida a jiki, ka tsaya ka yi tunani. 3Y cc 1,998 ne, 4Y cc 2,237 ne. Ta yaya jet ɗaya zai auna wa injina masu girma daban-daban daidai? Abin da mai ƙera irin wannan yake so shi ne mota ta tashi a bugu ɗaya a gaban shago, kuma hanya mafi sauƙi ta samun haka ita ce a sakar mata mai. Kai kuma ka ji ta tashi, ka biya, ka tafi. Sauran bayani sai a gidan mai.

Ka buɗe irinsu ka gani. Sau da yawa jet ba lamba, ko akwai lamba amma ramin bai yi daidai da ita ba. Fulot ba a saita shi ba. Ɓarɓashin ƙarfe na kwance a kofin mai tun daga masana'anta. Sukurori masu laushi, ɗauri biyu sun cinye. Mafi muni, in robarta ta mutu, kit ɗin asali ba lallai ya shige ta ba. Ka sayi abin da ba a gyarawa, sai dai a sake saye.

Na san amsar da za a ba ni: "Malam, kai kana magana ne kawai, talaka ina ya ga kuɗin ta asali?" Gaskiya ne kuɗi sun yi wuya. Don haka ma nake wannan maganar. Bari mu yi misali, kai ka sa alƙalumanka a ciki. A ce motarka tana yin kilomita 100 a rana. Da kafireta mai awo daidai tana shan lita 12, da mara awo tana shan lita 15. Lita 3 ke nan a rana. A kwana 26 na aiki, lita 78. A shekara, lita 936. Ka ninka da farashin lita a garinku, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Yanzu faɗa mini wace ce mai tsada. Araha ba ta ado, wannan kuwa har bashi take ci maka kullum. Ba a ma sa lissafin fetur ɗin da ke wanke baƙin mai daga bangon silinda yana cinye zobba ba.

Wani zai ce maƙwabcinsa ya sa irinta kuma lafiya lau. Na yarda, ana dacewa. Kuma ba ƙasar da aka ƙera ta nake zargi ba, akwai kaya masu kyau daga ko'ina. Abin da nake ƙi shi ne kayan da ba wanda ya sa sunansa a kai, ba lamba, ba kit. In dole ta sa sai ita, to kar a ɗora ta daga kwali. A buɗe ta, a wanke, a saita fulot, a gwada jet ɗinta da na tsohuwar, in zaren ya yi daidai a mayar da na asalin ciki.

Kuma don Allah, in an ce ka bar tsohuwar a rage maka kuɗi, kar ka bari. Ka tambayi kanka me ya sa suke son abin da suka ce ya mutu. Wanke ta za a yi, a sa mata kit, a sayar wa wani a matsayin ta asali, da kuɗin da ya fi na wadda aka ba ka.

"SA BABBA, MOTA TA TASHI"

Sai 'yan son gudu. Su hujjarsu ita ce babban baki, iska da yawa, ƙarfi da yawa. Ka koma lissafinmu na sama. Kafireta ba ta tura iska cikin inji, inji ne ke zuƙa, kuma ba zai zuƙi fiye da cikinsa ba. In ka faɗaɗa maƙogwaro alhali iskar ba ta ƙaru ba, gudunta ne zai ragu. Gudu ya ragu, jan mai ya yi rauni. Sakamakon shi ne ka taka totur da kaya a baya, mota ta yi shiru kamar za ta mutu, sannan ta zabura. Don a rufe wannan ramin sai a ƙara girman jet, sai shan mai ya tashi. Ka sayi matsala, ka sayi maganinta, maganin kuma yana cin kuɗi kullum.

A nan sunan Weber ke fitowa, kuma ya kamata a yi mata adalci. Kamfani ne mai tarihi, asalinsa garin Bolonya a Italiya, daga 1992 ƙirar ta koma Sifen. Amma Weber kala-kala ce. Akwai 38 DGAS, mai baki biyu da ke buɗewa lokaci guda, wadda aka sani a kan injin Ford mai silinda shida, lita 3. Ɗora wannan a kan injin lita 2 ko 2.4 da ba a taɓa cikinsa ba, a motar ɗaukar kaya, almubazzaranci ne. Akwai kuma 32/36, mai baki biyu da ke buɗewa bi da bi: ƙaramin mai milimita 32 shi ke aiki kullum, babban mai milimita 36 ba ya buɗewa sai ka taka wajen kashi biyu cikin uku na totur. Wannan tsarin ya dace da motar aiki, kuma kusan haka Aisan ta asali take, sai dai ita zuƙon iska ne ke buɗe mata baki na biyu. Ka ga ashe abin da ake tallata maka, kana da ɗan'uwansa a mota.

In ta asali ta mutu murus kuma ba a samu irinta ba, 32/36 ta gaske zaɓi ce mai kyau. Amma ka san abin da ke biye da ita. Sai farantin da zai haɗa ta da manifol, kuma in bai zauna daidai ba, sabuwar ƙofar satar iska ce. Tana son matsin mai kaɗan, wajen psi 3, in famfonka ya fi haka sai an sa abin rage matsi, in ba haka ba ta yi ta ambaliya. Sai an gyara haɗin wayar totur, da sifirin mai dawo da shi, don totur da ya maƙale a buɗe da kaya a baya ba abin wasa ba ne. Sai an haɗa tiyon distiribita a ramin da ya dace. Sai ka zaɓi cok: DGV na hannu ne, DGAV na ruwan lagireto, DGEV na lantarki. Sannan a zauna a zaɓi jet da ya dace da injinka da garinku. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, iskarta ta fi ta Legas sirantaka da kusan kashi 10 cikin 100, saitin da ya yi daidai a can ƙasa zai yi yawan mai a kan tudu. Kuma jabun Weber sun cika duniya, har tambarin suke kwaikwaya.

Abu na ƙarshe a kanta, wanda ya fi ba ni takaici: 'yar ƙaramar matatar iska mai ƙyalli da ake ɗora mata. A ƙasar da ba ƙura, wataƙila. A nan, daga Nuwamba zuwa Maris, a hanyar burji? Ƙura ce za ta riƙa shiga tana goge silinda kamar sanfefa. Duk wanda zai canza kafireta, ya nemi hanyar da zai ci gaba da amfani da babban gidan matatar iska na asali. In ba za a iya ba, a fasa canjin.

IN ZA KA SAYI TA HANNU

Bayan gyara, zaɓi mafi kyau shi ne irin taka sak, ta asali, ko da ta hannu ce. Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ka tafi da tsohuwar a hannunka, da lambar injinka a rubuce. Sunan mota kaɗai bai isa ba, Hilux nawa ce, injin nawa aka sa mata? Balle motar da ta shekara talatin, wataƙila injin da ke ciki ma ba nata ba ne.

Ka ajiye su gefe da gefe. Ka duba suna a jikin ƙarfen: Aisan, Solex, Hitachi, Nikki, da lambar da ke kan ɗan farantin ko aka buga a jiki. Ka girgiza sandar totur. Ka kifa gindinta a kan gilashi ka ga ko ta zauna daram. Ka duba gefen da hannun totur yake, da inda mai ke shiga, da irin cok. Ka ƙirga bakunan tiyo. Wadda aka ciro daga motar Amurka ko Japan takan zo da bakuna rututu saboda dokokin hayaƙi, wasu ma da wayoyin da ke jiran umarni daga kwamfuta. Irin wannan ka bar musu kayansu, in babu kwamfutar ba za ta auna daidai ba. Ka tambaya ko ta mota mai giyar hannu ce ko mai otomatik. Ka sa a buɗe murfin a gabanka, in ka ga farin gari kamar alli a kofin mai, ruwa ya ci ta. Kuma ka ɗauka cewa duk wadda ta daɗe a ajiye robobinta sun bushe, ka sa kuɗin kit a cikin lissafi tun farko. Ku yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita.

Ranar ɗorawa, sabon gasket, ba gam ba. Sabuwar matatar mai, don kar dattin tanki ya kashe ta a satin farko. A fara saita taimin, inji ya yi zafi, sannan a taɓa sukurun silo. A duba ko'ina ba ɗigon mai, musamman a injinan da manifol ɗin mai da na salansa suke gefe ɗaya.

Daga nan kar ka yarda da "ai ta yi daɗi". Ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka yi aikinka, ka sake cikawa, ka raba. Bayan sati ka kwance fulogi ka ga launinsu. Littafin nan da fulogin nan su ne alƙalai, su ba sa karɓar la'ada.

Jerin dai shi ne: a gwada, a gyara ta asali, in ta ƙi a nemo irinta, in an rasa a sa mai buɗewa bi da bi ta gaske tare da duk kayan haɗinta. Wanda ya ce ka tsallake ukun farko ka faɗa kan ta cikin farin kwali ko babbar nan, ka tambaye shi tambaya ɗaya: lambar jet ɗinta nawa, kuma nawa injina yake so? In ya amsa, ku zauna ku yi magana. In ya fara kame-kame, ɗauki tsohuwar kafiretarka ka ƙara gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare hanya.